Saƙo Daga Yatsan Yalwa

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya jefa ni cikin hannun matata. Amma bari in fara faɗin yadda aka yi, kada a ce tsufa ne ya soma taɓa ni.

Sunana Tanimu, wankin hula nake yi a bakin kasuwa. Matata Yalwa kuwa ɗinkin hula take yi tun kafin in san ta. Ita ta ɗinka, ni in wanke in gyara, da haka muka riƙe gida har 'ya'ya suka tashi suka watse. Farkon daminar bana iska ta ɗago fallen kwanon rufin maƙwabta, ya zo ya same ta tana kwashe shanya, ya yanke ta a wuyan hannun dama. Aka ɗinke a asibiti. Da za a sallame mu likitan ya ja ni gefe.

"Baba, jijiyar da ta yanke ba ta jini ba ce, ta saƙo ce," in ji shi. "Zare ne siri-siri masu yawa a kube ɗaya, kowane zare da uwarsa can kusa da ƙashin baya. Ɓangaren da ya rabu da uwa mutuwa yake yi. Sai dai sabo ya tsiro daga sama ya gangaro, kuma a wata guda bai fi ya ci tsawon gaɓar yatsa ba. Sai haƙuri."

Rauni ya warke. Amma babban yatsa da manuni da na tsakiya suka zama kamar na aro. Allura ta zame mata ba ta sani ba. Wata rana ta ɗaga murfin tukunya, sai da ta ji ƙaurin fata sannan ta san ta ƙone. Shekaranjiya na tarar ta ɗaure zarurrukanta kaf a tsumma, wai za ta ba wa wata maƙwabciya. Ni dai kullum bayan magariba nakan riƙe hannun in shafa masa man kaɗanya. Jiya ina cikin shafawa ta ce, "Malam, ka daina wahalar da kanka. Itace kake shafa wa mai." Ni dai ban saki ba. Da muka kwanta ma hannun yana cikin nawa.

Sai na gan ni a wata tashar mota da rana tsaka.

Ƙasar wurin kunya-kunya ce, a zagaye, irin zanen da yatsa ke bari in an dangwala. A bakin ƙofa an rubuta Tashar Manuni. Babu mota ko ɗaya, amma fasinja ba masaka tsinke. Ga wani ƙato da jar riga yana ta kai-kawo yana huci. Ga wasu mata sirara, kowace da kai mai tsini. Ga wani tsoho a jiƙe yana rawar ɗari. Can gefe kuma benci ne dogo, kuma duk waɗanda ke zaune a kai ni ne. Rigata, hulata, har gemun da aski ya wuce shi.

Na yi musu sallama, suka amsa da muryata.

"Tun yaushe kuke nan?" na tambayi na farkon.

"Ni na ranar da aka kwance bandeji ne," ya ce. "Wancan na washegari ne. Na ƙarshen can shi ne na jiya. Matsa nan, akwai wuri."

Ban zauna ba. Na nufi rumfar kamasho. Wani bunsuru ne a kan kujera, ya saƙala biro a ƙaho, yana tauna tikiti.

"Ina za ka?" ya ce.

"Kai, can wurin ƙwaƙwalwa."

"Kowa a nan Kai za shi. Babu hanya."

"Ina ta tafi?"

"Ta mutu. An raba ta da uwarta, yunwa ta kashe ta. Mu muka cinye gawar, muka share wurin tsaf. Me aka aiko ka ka faɗa?"

Na laluba aljihu. Babu komai sai ɗan ɗumi. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "An riƙe ki."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya nuna bencin da haɓa. "Su ma abin da suka zo da shi ke nan."

Mai jar rigar nan ya bangaje ni ya dafa tebur. "Ni ne Zafin murfin tukunya," ya ce. "In mota ta zo ni ne farko. Maganata ta gaggawa ce."

"An cinye tuwon tuntuni," in ji bunsurun. "Tukunyar ma an wanke ta."

"Duk da haka," ya ce, ya koma kai-kawonsa.

Na ce wa bunsurun ko zan iya takawa da ƙafa. Ya ce saƙo ba shi da ƙafa. Na ɗaga riga na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya haɗiye tikitin bakinsa, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Wannan kuskuren ofis ne. Wuce kafin a gane."

Bayan rumfar akwai bakin wani rami dogo, kamar cikin kara da aka rarake. Na shiga. Ciki a share yake fes, babu komai a tsakiya. Gefe da gefe mata ne a jere, kowace ta rungumi naɗin farin kitse kamar turmin atamfa. Suna rera wata waƙa ƙasa-ƙasa, baiti ɗaya suke ta maimaitawa.

"Sannunku da aiki," na ce. "Me ake jira?"

"Hanya," in ji wadda ke kusa da ni. "Mu ke naɗa mata zane. In ta tafi tsirara saƙo yoyo yake yi kamar ruwa a fasasshen tulu, kafin ya kai ya ƙare."

"Waƙar fa?"

"Kiranta muke yi. Makauniya ce, murya take bi da ƙanshi."

Na lura akwai gurabe a layin, wuraren da babu kowa sai alamar zama. Na tambaya.

"Sun gaji sun naɗe kayansu," ta ce. "Mu ma ba dutse ba ne. In ta daɗe ba ta iso ba ramin rufewa zai yi, ko ta zo daga baya babu inda za ta bi."

Ta faɗi haka ne kamar mai faɗin farashin gero, ta koma waƙarta. Ni kuwa na ƙara sauri.

Inda yatsa ya haɗu da tafin hannu na ci karo da hanyar. Yaɗo take yi kamar kabewa, kanta a baje, da 'yan yatsu masu yawa suna lalube. Wasu su miƙe su taɓa bango su janye, wasu su kama su riƙe. A gabanta ramuka ne birjik, tana ta shinshina bakin wani wanda ba namu ba.

"Nan ne Manuni?" ta tambayi bangon.

"A'a, baiwar Allah," na ce. "Ta nan ne."

Ba ta ji ni ba. Ta sa yatsa ɗaya a wancan ramin. Na duba tafina, akwai sauran maiƙo. Na goga a bakin ramin da na fito, na koma gefe. Ta tsaya. Ta janye yatsan. A hankali ta juyo da kanta gaba ɗaya, ta sa a namu. Daga ciki na ji waƙar matan ta ɗaga.

"Kai ne fasinjan?"

Na waiwaya. Minjirya ce, kifin nan mai jan mutum kamar lantarki, zaune a kan kujerar roba a busasshiyar ƙasa, da hular direbobi a ka. Bayanta wata ƙofa ce a jikin hanyar.

"Ni ce direba," ta ce. "Kada ka ba ni hannu. Tura ƙofar."

Na tura. Ta ɗan motsa ta koma.

"Ba za a buɗe mini kaɗan in raɓa ba?"

"A nan babu kaɗan. Ko ka isa a buɗe duka, ko ba ka isa ba a yi kamar ba ka zo ba."

Na sa kafaɗa. Na sa baya. Na yi bisimilla na ja da baya na zo a guje. Ƙofar ta yi ƙara kamar za ta yarda, ta fasa. Na zauna a ƙasa ina haki. Minjirya ta ciro asuwaki tana goge baki.

Sai na ji takun tafiya daga cikin ramin. Mutanen bencin nan ne, sun biyo sawuna a jere, na ranar bandeji a gaba. Na farko ya dafa bayana, na biyu ya dafa bayansa, haka har inda ido ba ya kaiwa. Muka tura. Ƙofar ta buɗe gaba ɗaya har ta bugi bango. Da na waiwaya in yi musu godiya babu kowa, ni kaɗai ne, sai dai na ji na yi nauyi.

Cikin hanyar zaure ne dogo, bangonsa duk ƙananan ƙofofi. A waje mutanen Gishiri ne cikin fararen kaya, sun yi dafifi suna leƙe. A ciki mutanen Toka ne zaune shiru. Da shigarmu ƙofar farko ta buɗe, 'yan Gishiri suka afko da ihu. Ƙofa ta gaba ta ji ihun ta buɗe, ta gaba da ita ma haka. A bayanmu 'yan Toka suka tashi suka fice ta wasu ƙofofin, wuri ya lafa. Wasu tsofaffi suka bi baya da tsintsiya suna kora Gishiri waje suna jawo Toka ciki, suna cewa, "Uku waje, biyu ciki. Uku waje, biyu ciki."

"Ina motar?" na tambayi Minjirya.

"Babu mota."

"To a me muke tafiya?"

"Ba ma tafiya. Ƙofa ce ke gaya wa ƙofa."

"Ni kuma ina nake?"

"Kai ne hayaniyar."

Na juya maganar, na ga ba ta da aibu. Hulata ta faɗi a baya, na juya zan ɗauko. Ta ce ba a komawa, ƙofofin da suka buɗe sun gaji, sai sun huta za su sake jin kira. Na bar hular.

Da farko a hankali muke ci gaba, don hanyar sabuwa ce, ba a naɗa mata komai ba. Muka zo wani wuri da ya yi tudu, an ɗaure shi da shuɗin zare irin na asibiti. An kafa fallen kwano a gefe an rubuta Wuyan Hannu, A Rage Gudu. Na kawar da kai. Muna wuce shi sai hanyar ta sauya. An nannaɗe ta da farin kitse gaɓa-gaɓa kamar rake, ƙofofin kuma sai a tsakanin gaɓa da gaɓa. Daga nan tsalle muka koma yi, daga wannan tsakani zuwa wancan, kamar mai ƙetare rafi a kan duwatsu. Gwiwar hannu ta wuce, hammata ta wuce, ban gama salati ba.

Sai ga mu a ƙofar wata bukka zagayayya a gefen hanya, kusa da wani dogon tsauni mai gaɓoɓi. Minjirya ta ce tsaunin shi ne ƙashin baya, bukkar kuma gidan uwar hanya ne, amma saƙo ba ya zama, in gaisa a tsaye.

Tsohuwar da ke ciki surukata ce, Inna Tasalla, wadda ta rasu tun Yalwa na goyon fari. Ban yi mamaki ba. Na cire takalmi na durƙusa. Hannunta na dama ya fita ta taga ya miƙe, na gane shi ne hanyar da muka biyo. Na hagun ya fita ta ɗaya tagar ya shige tsaunin. Da ƙafa take tuƙa tuwo. Tururuwa na ɗiban loma-loma a ka suna bin hannun daman suna gangarawa.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau, Tanimu. Ka rame."

"Inna, kin san an yanke ki?"

"Ni na fara sani. Abincin da na aika ne ya dawo mini ba a taɓa ba."

"Masu naɗa zane sun fara tashi, Inna. Ko za a ɗan ƙara sauri?"

Ta dube ni irin kallon da ta yi mini ranar da na fara zuwa gidansu da takalmi mai ƙura.

"Duk abin da hannun nan ya ƙaru da shi daga tukunyar nan ya fito," ta ce. "Tukunya ɗaya ce, ƙafa ɗaya ce. Ban huta ba tun ranar. Yarinyar tana cin abinci?"

"Tana taɓawa."

"Tana ɗinki?"

Na sunkuyar da kai. Ta ci gaba da tuƙi, muciyar na bugun gindin tukunya.

"Ka ce mata ina tafe," ta ce.

"Saƙo ba ya ɗaukar saƙo," in ji Minjirya daga waje. "Mu je."

Muka shiga tsaunin muka yi sama ta cikin lakar ƙashin baya. Hanyoyi ne dubbai a jere kamar zaren saƙa, wasu na hawa wasu na sauka, kowa da hayaniyarsa, ba mai shiga ta wani. Can sama hanyarmu ta ƙare a bakin wata gaɓa. Kogi ne, amma ba a ƙasa yake ba, a sama yake, kuma faɗinsa bai kai kaurin gashi ba. Na ce wannan ai taki ɗaya ne.

"Ba wanda ya taɓa taka shi," in ji Minjirya. "Nan ce iyakata. Hanya ba ta taɓa hanya."

Ta cire hula ta kwanta ta yi barci nan take.

A bakin gaɓar akwai tebur, wata akuya da tabarau a zaune, bayanta 'yan ƙananan goruna rataye reras.

"Ajiye jikinka a nan," ta ce. "Da maganar bakinka."

"Hajiya, maganar ita ce saƙon."

"Ba a ƙetarewa da magana. Can ƙwanƙwasawa kawai ake yi."

"To in abin ya yi tsanani fa? In buga da ƙarfi?"

"Bugu duk ɗaya ne. In ya yi tsanani ka yawaita."

"Ta yaya za ta san ni ne, ba Zafin murfin tukunya ba?"

Ta sauke tabaran ta dube ni. "Da hanyar da ka biyo, da ƙofar da ka buga. Ka gama? Akwai mutane a bayanka."

Babu kowa a bayana, amma na tuɓe jikin na ninke na ɗora a teburin, na ɗora kalmomin nan uku a kai. Aka narka ni aka ɗura a gorunan. Ba zafi. Sai dai na ji ni a wurare da yawa lokaci guda, kamar ranar sallah. Aka kai gorunan bakin gaɓa aka fasa, na zuba sama.

Ruwan sama ne sosai, daga ƙasa yake tashi. A can ƙetare wata bishiya ce ta sako rassanta ƙasa, rassa a kan rassa, kowane ganye da ɗan baki. Kowane baki ɗigon da ya yi daidai da shi kawai yake karɓa. Na faɗa a bakuna da dama. Ɗigon da ya rage aka bi da tsumma aka tsane aka mayar gora.

A gindin bishiyar zaman shawara ake yi. Ba ni kaɗai na zo ba, wasu hanyoyin ma sun zubo nasu ruwan. Wasu ɗigon suna cewa eh, wasu suna cewa a'a.

"Barci take yi, kada a tashe ta," in ji wani.

"Daga Manuni? Ai an rufe tashar nan," in ji wani.

Wani tsohon bunsuru yana tara eh a dama, a'a a hagu, kamar mai kasa tumatir. A'a ta yi tsibi. Ni ba baki, ba yadda zan yi in kare kaina. Sai dai ruwana bai tsaya ba. Nauyin nan da na ji tun a ƙofar farko shi ne yake ta zubowa, ɗigo bayan ɗigo, har kason dama ya kere na hagu. Bunsurun ya duba, ya buga ƙafa a ƙasa.

"A wuce," ya ce.

Na tarar da jiki na jirana, irin nawa sak, sai dai babu baki. Ga minjirya da hular direbobi. Na yi mata alama da hannu ko ita ce ta ɗazu.

"Ba ni ba ce," ta ce. "Amma duk abu ɗaya muke yi. Riƙe da kyau, za mu ƙetara titi. Mutanen dama a hagu suke kwana."

Muka ƙetara. An sake narka ni a wata gaɓar an sake zuba ni sama, amma wannan karon na saba.

Kai gari ne na bishiyoyi zalla, rassansu sun kusa haɗuwa ba su haɗu ba, ko'ina ruwa na tashi, ko'ina walƙiya, amma mutane na harkokinsu ba ko lema. Aka sauke ni a wata unguwa mai layi ɗaya. Gidan Leɓe katafare ne mai bene. Gidan Baya, duk faɗin baya, ɗan akurki ne. Gidan Babban Yatsa ya fi na Cinya girma nesa ba kusa ba, amma a kulle yake, ciyawa ta fito a soro. Kusa da shi gidan Manuni.

A nan na tarar da aiki. Maƙwabta, mutanen Ƙaramin Yatsa da na Wuyan Hannu, sun fasa katanga ta gefe suna shigar da tabarmi da tukwane. Wani ɗan akuya a kan tsani yana goge sunan gidan da farar ƙasa, ya riga ya cinye rabi.

"Wuri ba ya zama banza a garin nan," ya ce mini ba tare da na tambaya ba. "Wanda aka daina aiko wa saƙo, maƙwabta su raba."

Na leƙa ta taga. Ɗaki ɗaya ya rage ba a shiga ba, kuma Yalwa ce a ciki. Tana sanye da zanen da take ɗaurawa in za ta unguwa. Ta naɗe tabarma ta jingine, ta ɗaure ƙunshinta, tana dube-duben ko ta manta wani abu. Ƙofar baya a buɗe take.

Na zagayo ƙofar gaba. Na so in kira sunanta, na tuna ba ni da abin kira. Na ƙwanƙwasa.

Ta tsaya.

"Wane ne?"

Na sake ƙwanƙwasawa.

"Iska ce," ta ce wa kanta. Ta ɗauki ƙunshin ta ɗora a ka.

Na ɗaga hannu zan dunƙula in buga da ƙarfi, bugun ya fito daidai da na farko, bai ƙaru ba bai ragu ba. Sai na tuna maganar akuyar. Na sa hannu biyu. Na sa goshi, na sa gwiwa. Ban bar tsakani ba, bugu na bin bugu kamar ruwan farko a kan kwano. Masu shigar da kaya suka ajiye suna kallo. Ɗan akuyar ya sauko daga tsani.

"Baba, ba kowa a gidan," in ji wata mata.

Ban kula ta ba. Ta tagar ina ganin Yalwa. Ƙafarta ɗaya ta riga ta fita ta ƙofar baya. Ta tsaya a haka, ba ta fita ba, ba ta dawo ba. Hannayena suka fara mutuwa. Na ci gaba.

Ta sauke ƙunshin.

"Wannan ƙofar ai rabon da a buga ta tun farkon damina," ta ce.

Ta tako a hankali ta tsaya a bayan ƙyauren. Ina jin numfashinta. Ta kama sakata ta ja. Sakatar ta yi tsatsa, ta ƙi. Ta sake ja, ƙarfen ya fara gurzar ƙarfe, gurrr, gurrr, ƙarar na ƙaruwa har ta cika unguwar, har bishiyoyin suka ɗauka.

Na buɗe ido, ashe injin markaɗen gidan Malam Jatau ne, bayan katangarmu. Gari ya waye tas, rana har ta shigo ta ƙasan ƙofa. Na makara sallah, abin da na daɗe ban yi ba. Kuncina a kan wani abu yake, kuma ana ture ni.

"Malam, don Allah ɗaga ni," in ji Yalwa cikin magagi. "Ka kwanta mini a hannu. Tun ɗazu kamar tururuwa ke bi na a yatsa."

Na ɗaga kai. Na duba hannun da ke ƙarƙashina.

"Wane yatsan?" na ce.

"Oho, wannan mana, na kusa da..."

Ta buɗe ido sosai. Ta tashi zaune, ta ɗago hannun ta riƙe shi da ɗayan tana kallo kamar baƙon da ya yi sallama ba a gane shi ba.

Na kama manunin. Na danna kansa da farce.

"Kin ji?"

"A'a."

Na sauko gaɓa ɗaya na danna. Ta girgiza kai. Na sauko gindin yatsan, inda ya haɗu da tafi, na danna. Ta zabura ta fizge hannun.

"Wayyo! Malam, mugunta ce?"

Muka zauna muna kallon juna. Injin Malam Jatau ya yi tari ya mutu, aka ja igiya ya sake tashi. Wata mata a waje tana faɗa wai an sa mata wake a bayan na wadda ta zo daga baya.

Yalwa ta miƙo mini hannun.

"Sake dannawa," ta ce.